An Kai Linta

Maigidana ya sayi daji. Ba gona ba, ba fili ba, daji sosai, irin wanda a garinmu in aka ce daga cikinsa ka fito to an zage ka. Wata Asabar da yamma ya shigo da labarin, bai ko cire rigarsa ta direban bas ba, ya tsaya a tsakiyar falonmu na unguwar Tompkinsville da ke birnin New York yana ta washe baki. Ya ce mu gode wa Allah, wahalar Mama ta zo ƙarshe.

Mama mahaifiyarsa ce. Mun ɗauko ta daga ƙauyenmu na kudancin Katsina bayan rasuwar Baba, saboda 'ya'yanta mata duk aure ya kai su nesa, autanta kuwa ba mutumin da za a bar wa kiwon akuya ba ne, balle tsohuwa mai hawan jini. Ta zo ta same mu a can saman bene, gidan haya mai ɗaki biyu, inda sai an shiga lif ake hawa. Matar da ta yi rayuwarta tana share tsakar gida kafin rana ta fito, yanzu ba ta da abin sharewa sai kafet, shi ma inji ne ke yi. Sai ta kafa kujera a bakin taga. Daga nan take hango jirgin ruwan da ke kai mutane Manhattan, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, tana cewa ita ba ta taɓa ganin abin da ba ya gajiya da aikin banza kamarsa ba. Ni kuma a gidan kula da tsofaffi nake aiki. In wuni ina yi wa iyayen wasu wanka, in dawo in tarar da tawa surukar ta ƙara zabgewa, abincin da na bar mata yana nan a rufe.

Ba ta ɓoye mana ba. Ta ce, “In ba za ku samar mini inda zan taka ƙasa da ƙafata ba, ku mai da ni gida. Ni ba tantabara ba ce.”

Maigida ya san abin da komawarta ke nufi. Asibiti na da nisa daga ƙauyen, maganinta ba kullum ake samu ba, kuma babu mai tuna mata ta sha. Don haka ya yi mata alkawarin gida mai tsakar gida, a nan Amurka, da bishiya da wurin shanya. Ya yi alkawarin ne da albashin direba, a birnin da ko wurin ajiye mota sai an yi faɗa a kai.

Dajin yana arewa da birni, wajen duwatsun Catskill, tafiyar rabin wuni in hanya ta cushe. Wani abokin aikinsa ne ya haɗa shi da tsohon Baturen da ke sayarwa. Da ya gaya mini girman wurin da arharsa, sai na ajiye ludayi na tambaye shi abin da ke damun filin. Ya ce ba abin da ke damunsa, ni ce dai ban yarda Allah na iya yi wa talaka gata ba.

Ba wanda ya yaudare mu, wannan sai in faɗa ko a gaban alƙali. Da ni aka je ofishin lauya, kuma da kunnena na ji. A jihar New York akwai doka da aka yi don kada dazuzzukan da ke hannun mutane su ƙare. Mai daji na iya cire abu guda daga cikin haƙƙinsa, wato ikon yin gini, ya sayar wa hukuma ko wata ƙungiyar kare daji da jiha ke tallafa wa. Dajin na nan nasa. Ya shiga ya fita, ya yi farauta, ya ɗebi itace bisa tsari, ya sayar, ya bar wa magada. Amma gini babu, kuma sharaɗin ƙasar yake bi, ba mutumin ba. Tsohon Baturen nan ya riga ya sayar da gidan da bai gina ba, ya ci kuɗinsa ya sha ruwa tun kafin mu san da shi. Abin da ya rage, wato itatuwa da sauro, shi ya kawo kasuwa.

Lauyan ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ya cire tabarau ya dubi maigida ido cikin ido ya ce har abada ne fa. Maigida yana ta gyaɗa kai cikin ladabi. Na san wannan gyaɗa kan. Shi yake yi wa fasto in ana wa'azin zakka.

Muna shiga mota ya ce, “Kin ji shi da har abada. Wace doka ce ta har abada in ba ta Allah ba?”

Na ce, “Maigida, mutumin nan bai yi kama da mai wasa ba.”

“Aikinsa ke nan, dole ya faɗa. Wannan sharaɗin nasu da suke kira easement, a bar shi a takarda. A fara tukuna. In gini ya kai linta, sai a zauna a yi magana.”

Wanda ya taɓa gini a gida ya san hikimar. Kana fara gini ba izini, ka yi sauri ka kai bango saman ƙofa da taga, a zuba linta. Ma'aikata su zo da jan fenti su rubuta a dakata. Ka je ka gaishe su, su gaishe ka, filasta ta rufe fentin. Ba a rushe ginin da ya kai linta, sai in mai shi ba ya da kowa ko kuma bai iya gaisuwa ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin kalmar daga bakinsa, don an daɗe da haramta ta a gidanmu. Shekara da shekaru maigida yana aika wa ƙaninsa abin yin gini a ƙauye, kullum aka yi waya sai ya ce an kai linta. Muka haifi 'yar fari an kai linta, ta shiga makaranta an kai linta. Da maigida ya je da kansa, sai ya tarar da ɗaki guda mai rufin kwano, sauran kuwa bango ne iya ƙirji, ciyawa ta fito a falo, awakin maƙwabta na kwana a ɗakin da aka ce namu ne. Tun daga nan in ana hira aka zo kan linta sai mu yi kwana.

Maigida ya raina gidajen Amurka. Ya ce katako ne da kwali, in ka yi tari a wannan ɗaki a ce maka sannu daga wancan. Uwarsa ba za ta zauna a akwatin ashana ba, bulo za a yi mata. Ya samu wani abokinsa mutumin Kumasi, Alhaji muke ce masa, yana da shago a Harlem da motar ɗaukar kaya. Suka yi lodin bulo suka nufi daji, ni ma na bi don kada a ba ni labari.

A gida, filin da ba shi da alama ba shi da mai shi. In ka saya, abu na farko ka sare duk abin da ke tsaye, ka juye tifar yashi, ka jera bulo a kusurwoyi, don mai wucewa ya san akwai ido a kai. Haka suka yi, in ban da saran, don na ce in suka taɓa bishiya ɗaya ni zan fara kiran 'yan sanda. Manyan mutane biyu, ɗaya da tumbi ɗaya da ciwon baya, suna ɗaukar bulo a ka suna ratsa ganye, suna nishi, suna neman kusurwar dajin da ba wanda ya san inda ya ƙare. Da suka gama sai maigida ya fito da allon da ya sa aka rubuta masa da jan fenti, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa: wannan fili ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Ya kafa shi ya ja baya yana kallo. Na duba gabas na duba yamma, ba gida, ba hanya, ba mutum. Na tambaye shi ko barewa ce ke shirin sayar da filin.

Sharaɗin ya ce duk shekara za a turo mai dubawa ta zaga dajin. Maigida ya ji daɗin wannan ƙwarai, don a ganinsa an nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ranar zuwanta ya sa na soya kaji, na haɗa zoɓo mai citta, ya ajiye turmin atamfa a bayan mota, da ambulan a aljihun gaba wanda ya yi zaton ban gani ba.

Sai ga wata Baturiya mai furfura, da takalmin shiga daji da gorar ruwa a kugu, tana fara'a kamar ta zo biki. Ta ci kaza ta yaba. Ta sha zoɓo ta tambayi yadda ake yi. Atamfa kuwa ta shafa ta, ta ce kyakkyawa ce, ta mayar ta ce aikinta bai yarda ba. Ambulan bai ma samu damar fitowa ba. Ta ga allon ta yi ta murna, ta ce a karanta mata Hausar, ta ce wannan kam ya zauna abinsa. Ta zo kan bulo, ta ɗauki hoto, ta ce cikin taushin murya sai dai a kwashe su.

Maigida ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya, ya yi tambayar da ke buɗe kowace ƙofa daga Legas har Maiduguri. Ya ce, “To yanzu, Madam, yaya za a yi?”

Ta ji daɗin tambayar. Ta shiga yi masa bayanin yadda zai fitar da 'yar hanyar ƙafa ba tare da ya taɓa saiwa ba, da inda ya dace a rataya wa tsuntsaye akwatin sheƙa, da wani ƙwaro da ke cin wata bishiya wanda ya kamata ya sa wa ido. Ta yi alkawarin turo masa hoton ƙwaron.

Wannan ne ya karya shi. A gida ma'aikaci yakan haɗe fuska, kuma haɗe fuskar nan ita ce alamar an buɗe ciniki. Ka san akwai abin da za ka yi ta sake. Matar nan ba ta haɗe komai ba, balle a sake shi. Ta tafi tana ɗaga mana hannu, ta bar shi tsaye da ƙashin kaza a faranti.

Ni ma, in faɗi gaskiya, dokar ta ba ni haushi a lokacin. Mutanen da suka share tsibirin Manhattan kaf suka dasa benaye har rana ba ta sauka ƙasa, su ne yanzu ke biyan mai daji don kada ya yi komai. A gidan da nake aiki akwai tsofaffin da ba wanda ya leƙo su tun bara, amma kowace bishiya a dajin maigida tana da mai zuwa gaishe ta duk shekara, da lauya a bayanta. Sai dai haushina bai hana ni ganin cewa mu muka kai kanmu ba.

Alhaji ya ce kada maigida ya damu, ya ci gaba da Hausarsa ta Kumasi. “Massa, matan nan ƙaramin ma'aikaci ne, ba shi da iko. Ka wuce shi ka nemi babba. Kowane doka yana da oga.” Ya ce ya san wani da ya san wani a ofishin ɗan majalisar jiha da ke kan titin 125th Street, kuma ɗan majalisar namu ne, yana zuwa bikin sallah.

Suka saka manyan riguna suka tafi. Maigida ya tsara jawabinsa tun a jirgin ruwa. Zai fara da cewa shi baƙo ne daga Afirka, direban bas, wanda ya tara guminsa ya sayi daji mai sharaɗin nan, daga nan sai ya gangaro kan tsohuwa da tsakar gida. Bai kai ga gangarowa ba. Yana faɗin rabin farko mataimakiyar ɗan majalisa ta dafe ƙirji ta ruga ciki. Ashe ogan yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka yi dokar, kuma ya daɗe yana neman wanda zai nuna cewa ba masu kuɗi kaɗai ke son daji ba. Ya fito da kansa, ya rungume maigida, aka kira mai hoto. Kafin maigida ya ce uffan an raka su har bakin lif ana gode musu.

Hoton ya fito a 'yar jaridar da ofishin ke raba wa jama'a. Ga maigida cikin babbar riga, fuska kamar wanda aka taka wa ƙafa a jana'iza, an rubuta a ƙasa cewa ga abin koyi. Wani ɗan cocinmu ya kawo ta ranar Lahadi. Fasto ya kira shi gaba, ya yi wa'azi a kan riƙon amanar halittar Allah, ya ce a tafa wa ɗan'uwanmu. Na tafa har hannuna ya yi zafi.

Duk wannan Mama ba ta sani ba, ko in ce ba a gaya mata ba. Kullum ya dawo ta tambaye shi yaya gini, shi kuma ya ba ta abin da ya samu. An share wuri. An haƙa tushe. Birkila ya yi tafiya. Siminti ya yi tsada saboda sanyi. Na ce masa ya gaya mata gaskiya, ya ce in ya gaya mata gobe za ta ɗaure kayanta, kuma ni ma na san haka ne. Ta ɗan fara cin abinci a kwanakin, har tana tambaya ko kuka na fitowa a ƙasar nan. Sai na bar maganar.

Wata Lahadi bayan sujada muna cin tuwo, ta yi tambayarta. Maigida yana kallon kwanonsa ya ce, “An kai linta, Mama.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Mama ba ta ɗago ba. Ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta haɗiye, ta ce, “Madalla. Asabar sai ku kai ni in sa albarka.”

Ya kawo dalilin sanyi, ta ce tana da riga. Ya kawo dalilin nisa, ta ce ta zo daga Katsina.

Lokacin da ganye ke yin ja yana zuba ne. Muka naɗe ta da rigunan sanyi a kan zaninta, muka kama hanya. Ba wanda ya yi magana a motar, in ban da ita da ke ta lissafa gonakin da aka bari ba noma. Da muka isa, maigida ya riƙe mata hannu muka shiga ta 'yar hanyar ƙafar da ya fitar, don a ƙarshe shawarar Baturiya ya bi. Muka wuce allon 'yan damfara. Muka iso inda ya kamata a ce gida yake.

An kwashe bulo tuni, sai guda huɗu, biyu nan biyu can, da katako a kai. Mai dubawa ta ce wannan benci ne, doka ba ta hana benci ba. Iyakar abin da maigidana ya gina a Amurka ke nan.

Mama ta tsaya ta dubi bencin. Ta ƙwanƙwasa katakon da sandarta ta ce, “Wannan ce lintar?”

Maigida ya sunkuyar da kai.

“Ta ƙaninka ta fi tsawo.”

Ta zauna a kai. Ta ce in cire mata takalmi da safa. Na ce ƙasar da sanyi, ta ce ba ta tambaye ni ba. Ta sauke ƙafafunta a kan ganye, ta murza su har suka tarar da ƙasa, ta rufe ido ta daɗe a haka. Sannan ta yi magana, ba tare da ta kira sunansa ba, don ɗan fari ne.

“Kai, ina zaune a tabarma ƙaninka ke ɗaukar waya yana ce maka an kai linta. Da muryar da ya faɗa maka, da ita ka faɗa mini. Ta ubanku ce. Shi ma har ya koma ga Allah kwanon rufin ɗakina yana hanya.”

Ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Hankalinta ya riga ya tafi wani wuri. Tana kallon itacen da ya faɗi ko'ina, manya da ƙanana, busassu, wasu har sun fara ruɓewa ba wanda ya taɓa. A ƙauyenmu mata da kara suke girki, in ya ƙare su koma kashin shanu. Ɗorawa da kanya da marken da muka taso muka gani duk sun bi motocin itace zuwa birni. Har tsamiyar bayan gidansu, wadda Mama ke tsinkar 'ya'yanta tun tana amarya, maigida ne ya ba da umarni ta waya aka sare ta, don ta tsaya a inda aka ce falo zai zauna.

Ta juyo gare ni. “'Yata, ke ba kya ƙarya sosai. Me ya hana ginin?”

Na yi mata bayani yadda zan iya. Ta saurara da kyau.

“Wato nasa ne, amma ba zai share shi ba.”

“Haka ne, Mama.”

“In ya mutu, 'ya'yansa fa?”

“Ko su.”

“In ya je ya gai da manya?”

“Ya je. Hoto suka ɗauke shi.”

Sai ta fashe da dariya. Tun da ta zo ƙasar ban taɓa jin ta yi irinta ba, har da hawaye, har tana dafa katakon. Ta ce Allah ya yi wa wanda ya ƙulla wannan abu albarka, ko waye shi ya zauna da irin 'ya'yanta. Ta dubi ɗanta ta ce, “Sau ɗaya ka yi abin kirki da ƙasa, shi ma don an ɗaure maka hannu ne.”

Maigida ya ga dariya sai ya ɗauka an yafe. Ya tsuguna a gabanta ya ce duk ƙarshen mako zai riƙa kawo ta, ta taka ƙasa iya son ranta, in bazara ta yi ma a kafa tanti.

Ta ce, “Ka kawo ni wurin wa? In na zo wa zan gaisar? Wa zai aiko a ba shi gishiri? Ƙasa na ce maka, mai mutane a kanta. Wannan wurin aljanu ma sun yi masa kaɗan.”

Ta miƙe, ba takalmi, ta shiga tsintar itace. Muka ce ta bari, ba ta ko waiwayo ba. Tana zaɓa, tana karyawa a gwiwa, tana jefar da wanda ya jiƙe. Ta haɗa dami daidai ɗaukar mace, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi tamau. Na ce Mama ba mu da murhu, da gas muke girki. Ta ce ta sani, amma ita ba za ta iya ganin wannan ta wuce hannu biyu ba. Haka muka shiga lif a Tompkinsville da damin itace, maƙwabta na matsawa gefe suna murmushin da Turawa ke yi in sun rasa abin faɗa.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, Mama ta koma ƙauye. Ba roƙon da ba a yi ba, fasto ya zo, matan zumuntar coci sun zo, jikokinta sun yi kuka da Turanci. Ta ce linta biyu aka yi mata, gara ta koma wadda ke da maƙwabta. Ta tare a ɗakin nan guda mai rufin kwano, ta kori awaki daga falon, ta shuka kuɓewa da yakuwa a ciki. Na yi kuka a filin jirgi, kuma kukan haushi ne. Na ji haushin maigida, da tsohon Baturen, da ɗan majalisa, da ita kanta da ta zaɓi gishirin maƙwabta a kan maganinta. Na dawo gida na ga kujerar bakin taga, na rasa inda zan kai ta.

Damin yana nan a lungun falo. Mai kula da benen ya ce hatsarin gobara ne, maigida ya ce to ya kai shi kotu.

Bai sayar da dajin ba, allo ya riga ya faɗa. Ya koma zuwa duk ranar hutunsa, shi kaɗai. Ya san sunan ƙwaron nan yanzu, shi da Baturiya har musayar hotuna suke yi. In ya je sai ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira ƙauye. Wani lokaci ina tare da shi, ina jin muryarta tana fitowa da kukan kaji a bayanta. Ba ta fara da gaisuwa.

“Yaya gini?”

“Muna nan a kai, Mama.”

“To, kada ku yi gaggawa.”

Su yi dariya su biyu, sannan ya tambaye ta ko ta sha magani, ta ce masa layin ba kyau.

Bara ta rasu, da damina. Maƙwabciyar da ta shigo karɓar wuta da safe ce ta same ta. Aka ce tsakar gidan a share take.

Watanni bayan haka ya dawo daga daji wata Asabar, da ganye a manne a takalminsa. Ina kicin na ji shigowarsa. Na ga ya daɗe bai yi dariya ba, sai na ce bari in tsokane shi. Na ɗaga murya yadda take yi na ce, “Yaya gini?”

Na leƙo. Yana tsaye a lungun falo da makullin mota a hannu, ɗaya hannun a kan ɗankwalin da ke ɗaure da itacen.

Ban sake tambayarsa ba.